Maganin sa barci da rikicewar bugun zuciya: a sa shi barci ko a bar shi ido biyu?

Ɗalibar_Tiyata
Assalamu alaikum malamaina. Ina da tambaya ga likitocin sa barci da na zuciya da ke wannan zaure. A aikin nan da ake zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a ƙone wurin da lantarkin zuciya ke rikicewa, wanda ake kira ablashan, wasu malamai sun ce a sa majiyyaci cikakken barci don kada ya motsa. Wasu kuma sun ce a'a, a bar shi ido biyu, domin maganin barci yana kwantar da rikicewar bugun, a zo nemanta a rasa. Wanne ne daidai? In kuma da gaske maganin yana ɓoye cutar, wanne ya fi yin haka, allurar furofofol ko gas ɗin da ake shaƙa?

Lantarkin_Zuciya
Wa alaikumus salam ƙanwata. Duka biyun sun faɗi gaskiya, sai dai kowa da irin majiyyacin da yake magana a kai. Kafin ki tambayi wane magani, tambayi wace irin rikicewa ce.

Akwai mai kewaye. Lantarki ya sami hanya biyu, ya bi ɗaya ya dawo ta ɗaya, ya yi ta zagaye. AVNRT, mai zagaye a ƙullin AV da ke miƙa lantarki daga ɗakunan sama na zuciya zuwa na ƙasa, da ciwon WPW mai ƙarin hanya tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, da fulata, wato saurin bugu mai tsari na ɗakin sama, duk nan suke. Hanyar tana nan a jikin zuciyar ko mutum yana barci ko yana farke, kuma da wayar da ke ciki ana iya tsokanarta har ta tashi.

Akwai kuma mai tartsatsi. Wasu 'yan ƙwayoyin tsoka ne a wuri guda suke harba lantarki da kansu, kuma adirenalin ne makamashinsu. Misali ƙarin bugun da ake kira PVC mai fitowa daga mafitar ɗakin ƙasa na dama, da saurin bugun ɗakin sama mai tasowa daga wuri ɗaya. Waɗannan su ne masu ɓuya. Majiyyaci zai shigo, allo yana nuna PVC bayan kowane bugu biyu ko uku saboda fargaba. A ba shi midazolam miligiram 2, hankalinsa ya kwanta, cikin minti biyar allon ya yi tas. To a nan an shiga matsala, domin ana gano wurin ne ta hanyar bin PVC ɗin kansa, a nemi inda lantarki ya riga ko'ina tashi, yawanci milidaƙiƙa 20 zuwa 40 kafin QRS, alamar bugun ɗakin ƙasa, ya bayyana a ECG, wato hoton lantarkin zuciya. Babu PVC, babu abin bi.

Shi ya sa a irin wannan, kafin ko ɗigon magani ya shiga jijiya, ana ɗaukar hoton PVC ɗin a layuka 12 na ECG a adana a na'ura. In ya ɓace daga baya, sai a riƙa tayar da bugu da waya a wurare daban-daban, ana gwada kamanninsa da hoton da aka adana. Wannan hanya ba ta kai ta farko daidaito ba, amma da babu gara ba daɗi.

AF kuwa, wato karkarwar ɗakin sama marar tsari, labarinta daban. Tun 1998 da Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bodo ta Faransa suka nuna cewa mafi yawan tartsatsin da ke tayar da ita daga bakin jijiyoyin huhu huɗu yake fitowa, aikin ya zama kewaye bakin jijiyoyin nan da ƙuna. Ba sai an ga AF ɗin ba. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya kwanta shiru awa biyu ko uku.

Likitan_Barci
Madalla Dakta. Bari in ɗora da magungunan, tunda ta tambayi wanne ya fi.

Furofofol bai cika taɓa ƙullin AV ko ƙarin hanyar WPW ba. Illarsa ita ce yana rage ƙarfin jijiyoyin da ke sakin adirenalin, ya buɗe jijiyoyin jini, jini ya sauka. Saboda haka mai kewaye yakan tashi a ƙarƙashinsa, mai tartsatsi kuma yakan lafa.

Gas irin su isofuloren da sebofuloren suna tsawaita QT, wato lokacin da ɗakin ƙasa ke ɗauka ya buga ya farfaɗo a ECG. Isofuloren yana kuma tsawaita lokacin hutun ƙarin hanyar WPW, wanda zai iya sa hanya mai haɗari ta yi kama da mai sauƙi a awo. Desfuloren in aka ɗaga shi da gaggawa yana tayar da bugu da hawan jini.

Wanda ya fi taɓa lantarkin kai tsaye shi ne deksmedetomidin. Yana rage saurin ƙullin SA, inda bugun zuciya ke farawa, yana jinkirta ƙullin AV, yana rage adirenalin daga ƙwaƙwalwa. Yana da daɗin aiki don ba ya danne numfashi sosai, ana ba da maikirogiram 0.2 zuwa 0.7 ga kowane kilo a awa, amma in ana son tayar da SVT, wato saurin bugu mai tasowa daga saman zuciya, to an ɗauko wa kai wahala. Remifentanil ma haka, yana rage bugu ta jijiyar bagus. Fentanil kaɗan-kaɗan, maikirogiram 25 zuwa 50, bai cika damuwa ba.

Ketamin shi ne ya juya baya ga sauran: yana ƙara bugu, yana ɗaga jini.

Nas_Anas_07
Ke nan a taƙaice furofofol ba ya ɓoye SVT, a yi amfani da shi kawai?

Likitan_Yara_Zuciya
@Nas_Anas_07 kada ka ɗauke shi haka a dunƙule. SVT suna ne na iyali, ba cuta ɗaya ba. A yara, da kusan kullum sai an sa su cikakken barci, an san saurin bugun ɗakin sama mai tartsatsi yana iya tsayawa cak da furofofol, ya ƙi tashi ko an ba da isofirenalin, maganin ƙara saurin bugu. Kuma ina ɗan gyara ga Dakta @Lantarkin_Zuciya, ranka ya daɗe: AVNRT mai kewaye ce, gaskiya, amma kewayen nata a cikin ƙullin AV yake, ƙullin kuma yana sauraron adirenalin da bagus. In barci ya yi nauyi, sau da yawa za ka ga alamar hanya biyu amma zagayen ya ƙi ɗorewa sai an ƙara isofirenalin.

Lantarkin_Zuciya
Na karɓi gyara. Haka ne, AVNRT tana tsakiya.

Sista_Ɗakin_Kateta
Akwai wani maganin da ba a lissafa shi cikin masu ɓoye cutar, alhali shi ne farkon shiga jiki: lidoken. Shi ake kashe fatar matsematsi da shi kafin a huda jijiya, kuma shi kansa maganin rikicewar bugun ɗakin ƙasa ne. Mai kashi 1 cikin 100 yana da miligiram 10 a kowane mil, mai kashi 2 yana da 20. Iyakar marar adirenalin miligiram 3 zuwa 4.5 ne ga kowane kilo. Mai kilo 60, in aka bi ƙaramar iyakar, mil 18 ke nan na mai kashi 1, mil 9 kacal na mai kashi 2. In an huda cinya biyu ana ta ƙarawa don majiyyaci yana cewa da zafi, ba a ankara ba an wuce. Ga mai PVC, a yi amfani da mafi ƙarancin da zai kashe wurin, a ja sirinji baya kafin a tura don kada ya shiga jijiya.

Sannan al'adar nan ta haɗa lidoken miligiram 20 ko 40 da furofofol don rage raɗaɗin allura a hannu, ranar aikin PVC a bar ta.

Maganar azumi kuma: awa 6 ba abinci, ruwa zalla har zuwa awa 2 kafin aiki. A faɗa wa majiyyaci da 'yan jinya ƙarara cewa koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne. In aka ce musu "abin sha ba laifi" to da kofin koko za a same shi.

Mai_Haɗa_Magani
Sista ta tuna mini da goro. Goro da kofi da shayi mai kauri suna da sinadarin kafeyin, shi kuma yana toshe wurin da adenosin, allurar tsayar da SVT, ke kamawa. Haka aminofilin da ake ba masu asma. Mutum ya ci goro da safe, a ba shi adenosin miligiram 6, a ga shiru, a ba da 12, a ga ɗan abu kaɗan, a zaci maganin ne ya lalace. A tambaya tukuna. Kuma adenosin ba ya daƙiƙa 10 a jini, sai an tura shi da sauri ta babbar jijiya a bi shi da ruwan gishiri mil 20 nan take. Mai asma mai tsanani ba a ba shi.

Sau da yawa kuma laifin da ake ɗora wa maganin barci na magungunan gida ne. Ƙa'ida ita ce a dakatar da magungunan daidaita bugu tsawon rabin-rayuwa biyar, wato ninki biyar na lokacin da rabin magani ke ɗauka ya fita daga jiki, kafin gwajin lantarki, ga yawancinsu kwana biyu zuwa biyar. Amiyodaron ne ba ya bin wannan lissafi, don rabin-rayuwarsa makonni ne, yakan kai wata biyu. Wanda ya daina shi makon jiya har yanzu yana jikinsa.

Baban_Wodi
Ina jin daɗin bayanan nan, amma mu duba inda muke. Ablashan a ƙasar nan cibiyoyi ƙalilan ne ke yinsa. Abin da ma'aikacin sa barci a Arewa zai fi haɗuwa da shi shi ne a kira shi wodi ko ɗakin gaggawa a ce za a yi wa mai AF shokin, wato bugun lantarki a ƙirji don daidaita bugu, ko a kawo masa mai rikicewar bugu tiyatar da ba ta zuciya ba. Kuma masu AF ɗinmu da yawa ba tsofaffi ba ne, matasa ne da ciwon rumatik ya lalata musu ƙyauren maitiral, ko mai jego da zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa. Ku yi mana bayani a kan wannan.

Likitan_Barci
Gaskiyarka Baba. Shokin na daidaita bugu aikin minti biyar ne, amma yana da tarko da yawa.

Kafin barci: a ga sakamakon fotasiyam, a fi so ya kai 4.0, a gyara magniziyam. In yana shan digozin kuma akwai alamar ya yi masa yawa, amai, ganin rawaya, PVC barkatai, kada a yi shokin, zai iya jefa shi VF, wato karkarwar ɗakin ƙasa da ke tsayar da zuciya. A tanadi abin tsotse majina, jakar ambu ta taimakon numfashi, atirofin mai ƙara bugu, da abin ɗaga jini a sirinji. A ba shi oksijin minti uku.

Barcin: furofofol miligiram 0.5 zuwa 1 ga kowane kilo, ba adadin tiyata na 2 ba. A tura shi kaɗan-kaɗan, miligiram 20 a jira. Ga inda ake kuskure: mai raunin zuciya jininsa a hankali yake zagayawa, maganin zai iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Mai allura ya ga ido a buɗe ya ƙara, ya sake ƙarawa, sai duka su iso lokaci guda, jini ya faɗi, numfashi ya tsaya. A kira sunansa, a shafi gashin ido, in bai ƙifta ba ya isa.

Shokin ɗin: a danna maɓallin SYNC, a tabbata ana ganin ɗan alama a kan kowane R, tsinin bugu a allo, ba a kan T, tudun da ke biye da shi, ba. In lantarki ya sauka a kan T, VF ce. AF jul 120 zuwa 200 a na'urar zamani, fulata takan juya da 50 zuwa 100. A janye oksijin daga ƙirji, kowa ya ɗaga hannu daga gado. Kuma na'urori da yawa suna fita daga SYNC da kansu bayan shokin na farko, sai an sake dannawa kafin na biyu.

Bayan shokin allon yakan yi layi shiru na daƙiƙa biyu ko uku kafin ƙullin SA ya farfaɗo. In shirun ya yi tsawo, musamman ga wanda ya sha bisofurolol da digozin tare, atirofin miligiram 0.5 zuwa 1, in bai ji ba a tayar da bugu ta faifan da ke manne a ƙirji.

Dr_Hajiya_Zuciya
Kada a manta gudan jini, shi ne ke shanye ɓarin jiki bayan kowa ya tafi gida yana murna. AF da ta wuce awa 48, ko ba a san lokacin da ta fara ba, sai an sha maganin tsinka jini mako 3 cikakku kafin shokin, da aƙalla mako 4 bayansa, ko a leƙa ɗakin sama na hagu da na'urar eko ta maƙogwaro. In majiyyaci yana neman mutuwa ne, jini ya faɗi, huhu ya cika ruwa, to ba a jira.

Ga mai tsukewar ƙyauren maitiral na rumatik, wafarin ne maganin tsinka jininsa, awon tsinkewar jini na INR 2 zuwa 3. Gwajin INVICTUS na 2022 ya kwatanta ribarozaban da wafarin a irin waɗannan majiyyata, wafarin ya fi. Kuma in ɗakin sama ya riga ya buɗe sosai, ko an juya bugun yakan koma AF cikin kwanaki, don haka sau da yawa rage saurin bugun ya fi amfani da shokin.

Mai_Haɗa_Magani
Ranki ya daɗe, ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2024 ta rage awa 48 ɗin zuwa 24.

Nas_Anas_07
Ni a ganina ga mai jego mai raunin zuciya ketamin ya fi furofofol aminci. Yana ko'ina, ba ya saukar da jini, ba ya tsayar da numfashi.

Likitan_Barci
@Nas_Anas_07 da sharaɗi. Ketamin yana ɗaga jini ne ta hanyar sakin adirenalin ɗin jikin mutum. Wanda ya kwana biyu cikin gazawar zuciya adirenalinsa ya ƙare, a nan ainihin halin ketamin na danne tsokar zuciya yake fitowa, jini ya sauka. Ga mai tsukewar maitiral kuwa saurin bugu shi ne abokin gaba: ɗakin ƙasa ba ya samun lokacin cika, jini ya koma huhu. Ketamin da atirofin duka a yi hattara da su a wurinsa. Inda akwai etomidet, miligiram 0.1 zuwa 0.15 ga kilo ya fi riƙe jini, sai dai yana sa fizgar tsoka da kan ɓata ECG har na'ura ta kasa gane R. Wasu suna haɗa ketamin kaɗan da furofofol kaɗan, kowanne ya rufe aibin ɗan'uwansa. Ban ce a guji ketamin ba, na ce kada a ɗauka ba ya cizo.

Tsohon_Ma'aikaci
Tunda an zo kan abin da ke hannunmu, a ambaci haloten, don har yanzu akwai ɗakunan tiyatar da ke da shi. Duk cikin gas babu mai tayar da rikicewar bugu kamarsa. Yana sa zuciya ta kasa jure adirenalin. Likitan tiyata ya yi wa wuri allurar lidoken mai adirenalin don rage zubar jini, majiyyaci yana numfashi da kansa, iskar kabon ta taru, barci bai yi nauyi ba, sai ka ga PVC biyu-biyu, daga nan VT, wato saurin bugu mai haɗari daga ɗakin ƙasa. Tsohuwar ƙa'ida: kada a wuce mil 10 na adirenalin 1:100,000 cikin minti 10, kada a wuce mil 30 a awa. In rikicewa ta fara, a ce wa mai tiyata ya dakata, a rage haloten, a ƙara oksijin, a taimaka wa numfashi don kabon ya fita. Yawanci wannan kaɗai yana gyarawa kafin a kai ga magani.

Sakzametoniyam kuma, maganin hana tsoka motsi, allura ta biyu tana iya tsayar da bugu, musamman a yara, atirofin ya riga ta shiga. Yana kuma ɗaga fotasiyam da kusan 0.5.

Mai_Haɗa_Magani
A ƙara da QT. Majiyyacinmu yakan zo ya riga ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, kwinin ko kulorokwin ko haɗin da ke da fiferakwin, ga sifurofulozasin ko eritiromaisin a kai, ga amai da gudawa sun zubar da fotasiyam. Sai a ɗora masa gas, a rufe da ondansetiron don hana amai. Kowanne shi kaɗai ƙaramin abu ne, tarinsu ne ke kawo tosad, wata muguwar VT mai bin dogon QT. QTc, wato QT da aka daidaita da saurin bugu, da ya haura milidaƙiƙa 500 a tsaya a gyara kafin aikin da ba na gaggawa ba. In tosad ta zo, magniziyam salfet giram 2 ta jijiya, wanda duk ɗakin haihuwa yana da shi. Amiyodaron a nan ƙara wa wuta fetur ne.

Ɗalibar_Tiyata
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Amma in dawo da ku tambayata. A ce an riga an ba da maganin, rikicewar ta ɓace, ga wayoyi a cikin zuciya. Me ake yi? A tashe shi?

Lantarkin_Zuciya
Mataki-mataki ne. Farko a rage ko a tsayar da maganin, a jira. Furofofol da remifentanil suna fita cikin mintuna, shi ya sa aka fi son su a kan midazolam mai yawa ko deksmedetomidin da ke daɗewa. A yi masa magana, a sa shi ya matse hannu, wani lokaci wannan kaɗai ya dawo da PVC. In shiru, isofirenalin maikirogiram 1 zuwa 5 a minti, ana ƙarawa har bugu ya tashi da kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Abin lura, wasu PVC ba sa fitowa lokacin da maganin ke shiga, sai an kashe shi bugu yana saukowa. Kada a yi gaggawar cewa bai yi ba. Wajen neman tartsatsin AF da ke wajen jijiyoyin huhu ana kai shi har 20 a minti.

Likitan_Barci
Kuma Dakta, don Allah a riƙa sanar da mai sa barci kafin a kunna isofirenalin. Abu biyu yake yi mana. Yana buɗe jijiyoyi, awon jini na ƙasa ya faɗi, mu riƙe shi da fenilefirin maikirogiram 50 zuwa 100. Sannan yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, matakin furofofol a jini ya ragu, barci ya yi sama. Majiyyacin da aka ba maganin kashe tsoka, mai hana motsi, zai iya farkawa ba mai sani, tunda saurin bugun da za mu gane da shi an riga an ɗora shi a kan isofirenalin. Na'urar auna zurfin barci ta goshi tana da amfani a nan.

Injiniyan_Taswira
Game da AF, ni ina bayan cikakken barci da bututun numfashi. Taswirar zuciya da kwamfuta ke zanawa tana dogara da faifan da aka manna a baya da ƙirji. Majiyyaci ya ɗan gyara kwanciya don bayansa ya gaji, taswira ta goce da milimita kaɗan, ƙunar da aka jera ta sami giɓi, ta giɓin nan AF ke dawowa. Da na'urar numfashi kuma ana iya rage girman numfashi zuwa mil 3 ko 4 ga kilo a ƙara yawansa zuwa 25 ko 30 a minti, zuciya ta daina hawa da sauka, bakin waya ya zauna daram.

Dr_Hajiya_Zuciya
Ba kowa ya yarda da kai ba Injiniya. Cibiyoyi da yawa a Jamus da furofofol mai nauyi suke yin AF ba tare da bututu ba, kuma aikinsu yana kyau. Abin da ke raba gardama shi ne hanyar iska. Masu AF da yawa suna da ƙiba da minshari mai ɗauke numfashi. In irin wannan ya yi barci ba bututu, harshe ya toshe maƙogwaro, yana jan numfashi da ƙarfi a rufe, ƙirji ya zama kamar sirinjin da ake ja. In a daidai lokacin bututun da ya ratsa zuwa ɗakin hagu yana buɗe ana canja waya, iska za ta shige, ta tafi jijiyar zuciya ta dama ko ƙwaƙwalwa. Don haka mai minshari, mai ƙiba, wanda ba ya iya kwanciya rigingine, a sa masa bututu. Wanda aka bari ba bututu kuma dole a auna kabon ɗin numfashinsa, kada a dogara da na'urar auna oksijin ta yatsa kaɗai, don yana makara.

Sista_Ɗakin_Kateta
In an zaɓi cikakken barci, a kula da maganin kashe tsoka. A aikin balan-balan mai sanyi, da ke daskarar da bakin jijiya zuwa wajen digiri 40 ko 50 ƙasa da sifili na minti uku zuwa huɗu, jijiyar firenik ta dama, mai motsa tsokar numfashi, tana wucewa dab da jijiyar huhu ta sama ta dama. Yadda ake tsaronta: a sa waya a babbar jijiyar sama a riƙa tsokanar firenik ɗin kusan kowace daƙiƙa, ma'aikaciya ta ɗora tafin hannu a ƙasan haƙarƙarin dama. Za ki ji cikin yana harbin hannunki kamar shaƙuwa, tif, tif, tif. Idonki ba ya kan allo, hankalinki yana tafin hannunki. Da kin ji harbin ya fara laushi, ba sai ya tsaya ba, ki ɗaga murya a tsayar da sanyin nan take. To in maganin kashe tsoka irin rokuroniyam yana jiki babu harbin da za a ji tun farko. Ko dai a ba da kaɗan wajen sa bututu a bar shi ya fita, ko a warware shi da sugamadeks, a tabbatar da motsi huɗu a na'urar gwajin tsoka kafin a shiga ɓangaren dama.

Hanyar abinci kuma tana manne da bayan ɗakin sama na hagu. Ana sa ma'aunin zafi a ciki, in ya doshi 38.5 zuwa 39 a dakata. Wanda ya dawo bayan mako ɗaya zuwa huɗu da zazzaɓi, ciwon ƙirji ko wahalar haɗiya, kada a ce maleriya ce, kada kuma a zura masa kyamarar ciki. Hoton CT na ƙirji ake yi da gaggawa.

Likitan_Barci
Ƙari ɗaya mai muhimmanci. In jini ya faɗi ana tsakar aiki, kada mai sa barci ya yi shiru yana ta tura fenilefirin yana zaton furofofol ne. An ba da hefarin mai tsinka jini har ACT, awon lokacin daskarewar jini, ya haura daƙiƙa 300, an huda bangon tsakiyar zuciya, ana ƙuna. Faɗuwar jini a nan jini ne ya taru a jakar zuciya har sai eko ya ce ba haka ba. A faɗa da baki, a duba, in shi ne a zuƙe shi da allura, a warware hefarin da furotamin a hankali don shi ma yana saukar da jini. A kuma lissafa ruwan da wayar ƙuna ke fesawa, yakan haura lita ɗaya, mai raunin zuciya zai buƙaci furosemaid.

Injiniyan_Taswira
Sabuwar hanyar PFA, mai kashe ƙwayoyin tsoka da bugun lantarki mai ƙarfi maimakon zafi ko sanyi, wadda hukumar FDA ta Amurka ta fara amincewa da ita a ƙarshen 2023, ta rage fargabar hanyar abinci da firenik sosai. Amma ba ta sauƙaƙa wa mai sa barci ba: tana sa tari da zaburar jiki, tana tayar da bagus har bugu ya tsaya na ɗan lokaci, shi ya sa da yawa suke ba da atirofin ko gilaikofairolet tun kafin a fara.

Likitan_Yara_Zuciya
Kada zaren ya wuce ba a faɗi wannan ba. Mai WPW da ya shiga AF, a tebur ko a ɗakin gaggawa, ECG zai nuna bugu mai faɗi, mai sauri ƙwarai, marar tsari. Adenosin, berafamil, diltiyazem, digozin, masu toshe beta, har amiyodaron ta jijiya, duk a ajiye su. Suna rufe ƙullin AV, lantarki ya kwarara ta ƙarin hanyar, a faɗa VF. Shokin ne maganinsa.

Baban_Wodi
To VT mai tasowa daga tabon da toshewar jijiyar zuciya ta bari fa? Ita mai kewaye ce, bisa bayanin farko sai a sa shi barci ke nan.

Lantarkin_Zuciya
A nan ne ma ba a daidaita ba, Baba. Mai kewaye ce, amma zuciyar mai rauni ce, wani ƙarfin turawarta bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Cikakken barci yana cire adirenalin ɗin da ke riƙe masa jini, sai VT ɗin da yake jurewa a farke ta zama wadda ba ya jurewa ko na daƙiƙa 30, ba a samu an bi ta ba sai shokin. Wani lokaci ma ta ƙi tashi. Ni na fi son a fara da barci sama-sama, a tayar da VT a ga kamanninta, sannan a zurfafa.

Likitan_Barci
Ni kuma ina ganin sauya salo ana tsakar aiki, a sa bututu ga mai raunin zuciya da aka riga aka yi wa shokin biyu, an lulluɓe shi da zannuwa, na'urar hoto ta tokare kansa, ya fi haɗari a kan a sa shi cikin natsuwa tun farko. A sa layin auna jini a jijiyar wuyan hannu kafin barci, noradirenalin yana tafiya, a bi taswirar tabon ba sai an tayar da VT ba. In za a shiga ta ƙasan ƙashin ƙirji zuwa bayan zuciya kuwa, zafinsa da haɗarin motsi sun sa yawanci cikakken barci ake yi.

Dr_Hajiya_Zuciya
Taswirar tabo ba ta nuna wace hanya ce ke ba shi wahala a gida, Dakta, musamman in tabon yana da faɗi. Kuma noradirenalin da kake riƙe jinin da shi, shi ma yana canza yadda VT ɗin ke tashi. In na'urar ICD ɗinsa, wadda aka dasa masa a ƙirji don yin shokin, ta adana hoton VT ɗin, ko akwai ECG mai layi 12 da aka ɗauka ranar da ya faɗi, zan bi ka. In babu ko ɗaya, a bar ni in gan ta sau ɗaya kafin ka zurfafa.